Tai Po: garin da rigimar kasuwa ta haifa

Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin sunan Tai Po ba sai a ƙarshen Nuwamban 2025, da gobara ta tashi a benayen Wang Fuk Court ta ci rayukan mutum fiye da 150. Allah ya kiyaye na gaba. A labaran da suka biyo baya an riƙa kwatanta wurin da wata unguwa a bayan birnin Hong Kong, inda ma'aikata ke komawa su kwana. Ban ce ƙarya aka yi ba. Amma duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga Kowloon, a cikin birnin, ya nufi arewa, zai ji an kira tashar da Tai Po Hui, kuma a harshen Kantonis hui na nufin kasuwar da ke da ranakun cinta. Sunan tashar ya fi rahotannin faɗin gaskiyar garin.

A ganina Tai Po bai zama ɗakin kwana kawai ba saboda benayen sun zo sun tarar da kasuwa, kuma aka bar ta a inda take.

Kasuwar farko ta dangin Tang ce. Sun kafa ta a 1672, shekara uku bayan sarautar Qing ta ƙasar Sin ta janye dokar da ta kwashe mutanen bakin teku zuwa cikin ƙasa tun 1662. Jama'a na dawowa gonakinsu, Tang suka riga kowa kama wuri a arewacin kogin Lam Tsuen. Kamar sauran kasuwannin yankin, sau uku take ci a kowane kwana goma na watan gargajiya. Manomi ya kawo shinkafa da alade, masuntan da ke zaune cikin kwale-kwale a gaɓar Tolo su kawo kifi, 'yan ƙabilar Hakka daga ƙauyukan kan tudu su sauko da itace, masu tukwane na Wun Yiu su kawo kwanukan tangaran. Kowa ya zo, amma rumfa ta Tang ce, haya tasu, la'ada tasu. Wasu dangi sun sha neman izinin kafa shaguna, hukuma tana mara wa masu kasuwa baya. Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara 200.

A 1892 tura ta kai bango. Ƙauyukan kewaye suka haɗu cikin ƙawance bakwai da ake kira Tsat Yeuk, dangin Man na Tai Hang a gaba, suka kafa tasu kasuwar a ɗaya gefen kogin, suka sa mata suna Tai Wo. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da suka fara ginawa: wurin bauta na Man Mo a tsakiyar titin Fu Shin, kuma a nan ake ajiye ma'aunin kasuwa. Wanda ya ji an tauye shi, can zai kai kaya a sake awo, can dattawa ke zama su raba gardama. Mutanen da suka daɗe ana auna musu da mudun wani sun san inda ciwon yake. A 1896 suka ɗora gadar Kwong Fuk a kan kogin, aka huta da jiran kwale-kwale, ciniki ya juyo wajensu.

Turawan Ingila sun zo a makare. Sun karɓi hayar yankin daga hannun Sin na shekara 99 a 1898, kuma a Tai Po suka ɗaga tutarsu ranar 16 ga Afrilu, 1899, bayan mutanen ƙauyuka sun ƙone rumfunan da aka kafa don bikin. Yaƙin kwana shida ne, ya ci ɗaruruwan 'yan ƙasa. Jirgin ƙasa ya iso a 1910, aka gina tasha a gefen sabuwar kasuwar a 1913. Yau ginin gidan tarihin jirgin ƙasa ne.

Babban sauyin ya zo ne a ƙarshen shekarun 1970, da gwamnati ta mai da Tai Po sabon gari don rage cunkoson Kowloon. Aka cike bakin teku da ƙasa, aka kafa rukunin masana'antu, rukunin gidajen gwamnati na farko, Tai Yuen, ya buɗe a 1980. Jirgi ya koma na lantarki a 1983. Yau gundumar tana da mutum fiye da 300,000, mafi yawansu ba su da kaka a waɗannan ƙauyuka. Sai dai a kan sabuwar ƙasar da aka cike aka jera yawancin benayen, tsofaffin titunan kasuwa suka tsira. Baƙon da aka ba ɗaki a hawa na ashirin yana da inda zai sauko ya yi ciniki da baki, ya san mai kifinsa, mai kifin ya san shi. A Tin Shui Wai, garin da aka gina daga baya a kan tafkunan kifi ba tare da tsohuwar cibiya ba, mazauna sun daɗe suna kukan tsadar cefane da rashin zaɓi.

Akwai abin da za a iya faɗa mini, kuma da gaskiyarsa. Tsohon tsari bai bar kasuwa kaɗai ba, ya bar gata. Tun 1972 namijin da ya fito daga tsatson mazaunin ƙauye na 1898, ta wajen uba, yana da damar neman gina gida mai hawa uku sau ɗaya a rayuwarsa. 'Yar'uwarsa ba ta da wannan dama, balle maƙwabcinsa na bene da iyalinsa ke cushe a ɗan ƙaramin falo. Jikokin waɗanda suka yi wa Tang bore sun zama su ne masu riƙe da mudu. Wanda zai yaba wa Tai Po don ta riƙe tarihinta, sai ya haɗa da wannan ya haɗiye. Ni dai ina ganin za a iya raba biyun: gatan gida tsari ne na hukuma da za a iya sake dubawa, titin Fu Shin kuwa in aka rushe shi babu dokar da za ta dawo da shi.

A 2004 an buɗe babban ginin kasuwa na zamani, kifi da nama a ƙasa, masu dafa abinci a sama. Titin Fu Shin bai mutu ba. Har yanzu ana baje ganye da busasshen kifi daf da ƙofar Man Mo. Dangin Tang kuwa har sunan sun rasa. Kasuwar 'yan bore ce yanzu ake kira Kasuwar Tai Po, tasu kuma, a hayin kogi, Tsohuwar Kasuwa.