Maganar Littafin Iskokin Nan Da Ake Ta Ce-ce-ku-ce A Kai

Jama'a ni fa wasu masu karatun namu sun fara ba ni mamaki. Littafin nan na iskoki da ake ta turawa a grup-grup na WhatsApp da Wattpad na karanta shi daga farko har ƙarshe, na kuma bi kwament ɗin mutane, wallahi wasu sun sosa min rai sosai.

Yawancin masu zagi magana ɗaya suke ta nanatawa, wai marubuciyar shirka take koya wa yara, wai tallan bori take. To amma ai su ɗin ne dai ke zama su kalli Thor da gudumarsa, alhali asalinsa abin bautar mutanen arewacin Turai ne, su kalli fim ɗin Indiya na macijiya mai rikiɗa ta zama mace, ba wanda ya ce imaninsa ya girgiza, sai da aka zo kan namu ne kowa ya zama mai wa'azi. Kawo abu a cikin labari daban, bauta masa daban. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a adabinmu, gasar rubuta littattafan Hausa da Bature Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukkansu akwai aljanu a ciki, kuma masu ilimin addini ne suka rubuta su, iyayenmu sun karanta a makaranta ba wanda ya ɓata.

Abin da ya burge ni shi ne marubuciyar ta yi bincike, ba aljani kawai ta kawo mai jan ido da ƙaho ba. Ta san birnin Jangare, garin iskokin bori, ta san Sarkin Aljan Sulemanu, ta san Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da caca da kyauta ba lissafi, ta san Inna Bafillatana ce, Sarkin Rafi kuma mai zafin kai. Akwai wurin da Kuturu, ɗaya daga cikin iskokin, ya shigo fada yana magana ta hanci yana kore ƙuda da dungulmin hannunsa, amma kowa ya miƙe tsaye saboda girmansa a cikinsu, nan tsigar jikina ta tashi gaskiya. Wanda bai zauna da tsofaffi ya tambaya ba ba zai rubuta wannan ba.

Sai dai akwai ƙorafin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Daga tsakiyar littafin ta jawo Sango, ta jawo Anansi, ta ƙara da Mami Wata, aljanar ruwa, duk ta zuba su a fada ɗaya kamar Afirka ƙauye guda ce. Haba! Sango na Yarbawa ne, tsohon Alafin na Oyo da ake dangantawa da tsawa, Anansi gizo-gizon tatsuniyar Ashanti ne a Ghana, ko da ya yi kama da Gizonmu mijin Ƙoƙi a wayo kowa da gidansu. Wata Bayarbiya mai jin Hausa ta rubuta cewa Sangon littafin suna kawai ya ara, ba halinsa ko ɗaya, kuma ba ta yi ƙarya ba. Yadda za mu ji zafi in baƙo ya maida macijin rijiyar Kusugu dabbar wasa, haka su ma suke ji.

Sannan jarumar tana samun ƙarfi a ɓagas, ta ɗaga hannu wuta ta fito shi ke nan. A labaranmu iska ba ta ba ka komai sai da sharaɗi, in ka karya alkawari kuma ka gani a jikinka ko a zuri'arka, nan ne tsoron yake, nan ne daɗin labarin yake.

Duk da haka ni ina bayan marubuciyar, kuma ina jiran kashi na biyu. Roƙona gare ta kawai ta tsaya a inda ta sani ta zurfafa, ga Barbushe da Tsumburbura a kan dutsen Dala tun kafin zuwan Bagauda, wannan kaɗai ya isa littafi guda cur.