Ibro da Hausar 'ya'yanmu na Makka

Wata uku ke nan, wani daren Juma'a bayan an idar da isha'i, muka hallara a gidan Kawu a Shara Mansur kamar yadda muka saba. An kawo shayi da tamis. Ƙanena ya jingina wayarsa da filas, ya kunna wani tsohon fim ɗin Ibro a YouTube. Hoton duk ya koɗe, sautin kuwa kamar daga cikin rijiya yake fitowa. Ba a yi minti biyu ba Kawu ya sarƙe da dariya har sai da aka miƙo masa ruwa. Ɗana mai shekara 11, haihuwar nan, ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, can ya taɓo ni ya ce, "Baba, esh gal?" Wai me ya ce. Na juya masa maganar da Larabci, kalma da kalma, ban rage komai ba. Yaro ya dube ni yana jiran inda abin dariyar yake. Babu shi, ya zube a hanya.

Tun daren nake juya abin a raina, ga kuma inda na tsaya: cikin duk abin da Kannywood ta aiko mana ƙasar nan, babu wanda ya yi wa Hausarmu hidima kamar finafinan da aka fi rainawa, wato na camama, na barkwancin nan masu arha, kuma a cikin 'yan camama babu na biyun marigayi Rabilu Musa Ibro.

Na san masu ja da ni suna da yawa, kuma ba su rasa hujja ba. Za su ce shirme ne, a kwana biyu ake ɗauka a kai kasuwa, labari ba kai ba gindi, daga ihu sai guje-guje sai duka da sanda. Gaskiya ne, da yawansu haka suke. Akwai kuma wuraren da ake kwaikwayon Hausar Bagwari ko ta Bafulatani har wasan ya wuce gona da iri, kuma mu da muka san ɗacin a kwaikwayi Larabcinka a kasuwa bai kamata mu ce wannan ba komai ba ne. Duk na yarda.

Amma a ɗauki fim ɗin soyayya, irin wanda 'yan fim ke kira santimental, a ajiye gaban yaron da aka haifa a Hindawiyya ko a Karantina ta Jidda. Ko kalma goma ta Hausa bai sani ba zai bi labarin tsaf: ga mai so, ga wadda ake so, ga uban da ya ƙi, ga waƙa a cikin lambu. Ya riga ya ga irinsa a na Indiya da na Turkiyya. Ibro kuwa ba ya ba ka wannan sauƙin. Zare idon da karkace bakin da jar hular nan duk ganye ne, naman yana cikin maganar. Gatse ne, da baƙar magana, da habaici, da a tambaye shi gabas ya amsa yamma kuma ya fi mai tambayar gaskiya. Hausa ce ta bakin kasuwa da tashar mota da gindin bishiya, wadda ba a koyar da ita a aji. Wanda yake son ya yi dariya tare da manya, dole ya nemi harshen. Ni kaina karin magana nawa na tsinta a bakinsa, waɗanda ban taɓa ji a gidanmu ba, don iyayenmu ma zaman shekaru ya sa Hausarsu ta cika da "yani" da "khalas".

Waɗanda suka tashi yanzu ba za su gane yadda abin yake a da ba. Sai a 2018 aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya, bayan fiye da shekara 30 a rufe. Sinimarmu falon gida ce. Idan alhazai suka iso, a cikin kayan tsarabar da ake aiko mana, tsakanin ƙullin kuka da daddawa da kilishi, akwai kaset ɗin bidiyo, daga baya kuma faifan CD. Kaset ɗaya sai ya zaga gida goma kafin ya dawo hannun mai shi, in ma ya dawo. Kuma in ba a manta ba, ba na masu kyan fuska ake rububi ba. Tambayar da ake yi ita ce, akwai sabon Ibro?

Ba wai ba ma kallon na Larabawa ba. Muna kallo, muna kuma so. Adil Imam na Masar gwani ne, wanda ya musa bai san barkwanci ba. Shirin barkwancin talabijin na Saudiyya, Tash ma Tash, da Nasir Alƙasabi da Abdullahi Assadhan suka fara a 1993, shekara da shekaru shi ne abokin buɗa-bakinmu a watan azumi. Sai dai dariyar da muke yi a can ta ɗan leƙe ce, ta taga muke kallo. A tsofaffin finafinan Masar, in ka ga mai launin fatarmu, yawanci mai gadin ƙofa ne ko mai kawo shayi. A fim ɗin Ibro kuwa mu ne wawan, mu ne mai wayon, mu ne alƙalin da ɗan sandan da mai unguwar. Gidanmu ne, mu ke da ikon yi wa kanmu dariya.

Akwai kuma wani abu da nake ganin mu mazauna nan mun fi na gida jin sa. Halin da Ibro ya fi fitowa a ciki shi ne na baƙauyen da ya faɗo birni, bai san doka ba, bai san tsari ba, aljihu wayam, amma ko kusa ba ya jin shi ƙasa da kowa. A kore shi ta ƙofa ya dawo ta taga, a kama shi dumu-dumu ya kafe da gardama har mai kamun ya fara shakkar kansa. Duk wanda aka taɓa kira takari, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kafili, wato wanda ya tsaya masa ya zauna a ƙasar, ko ma'aikacin jawazat, ofishin shige da fice, da guntun Larabcinsa, igama, takardar izinin zama, ta kusa mutuwa, gumi na bin bayansa, ya san wannan mutumin. Bambancin kawai, mu shiru muke yi mu ce "hadir", wato "to, an gama", shi kuwa sai ya faɗi abin da ke bakinsa. Rabin dariyar Kawu ta huce haushi ce.

Shi Rabilu mutumin Ɗanlasan ne a ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano, kuma aikin gandiroba ya yi kafin fim ya ɗauke shi. Sai ga shi a 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar tace finafinai ta Kano, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa wata biyu a gidan yari kan fim ɗin Ibro Aloko. Mai tsaron fursuna ya koma fursuna. A takarda laifin na rajista ne da rashin bin ƙa'idar tacewa, amma mutanen gari da yawa sun ɗauka wata waƙa ce da aka ce ta taɓa masu mulki. Nan ma Tash ma Tash bai tsira ba, don a 2000 an fitar da fatawar haramta kallonsa. Da camama shirme ce zalla, da ba wanda zai ɓata lokacinsa a kanta. A ganina hukuncin da aka yi wa Ibro ya yi tsauri, kuma bai rage masa komai ba sai ƙarin masoya.

Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, bai kai shekara 45 ba. Kafin shi an yi su Samanja da Ƙasimu Yero da Karkuzu, bayansa ga su Bosho da Daushe da Baba Ari, kowa da nasa gishirin, ban raina kowa ba. Abin da ke damuna shi ne halin da aikinsa yake ciki. Abin da ke yawo a intanet kwafe ne na kwafe, an yanke kai an yanke ƙafa, wani ma an lulluɓe shi da tallar maganin gargajiya. Su wa ke riƙe da na asalin? Iyalinsa suna ganin wani abu daga kallon da ake ta yi? Masu kuɗin Kannywood da ke kashe miliyoyi kan shiri mai dogon zango, a cikinsu a rasa wanda zai tattara finafinan nan, a gyara sauti, a adana su wuri ɗaya? Mu nan in an ce a biya a kalla, za mu biya.

Ni dai na daina yi wa yaron fassara. Duk daren Juma'a yana zaune kusa da Kawu, in bai gane ba ya tambaya da Hausa a ba shi amsa da Hausa. Shekaranjiya uwarsa ta aike shi sayen burodi, ya daɗe, ta ce masa, "Sai yanzu?" Ya ce, "A'a, Umma, sai anjima." Ta bi shi da ludayi, ta juyo kaina ta ce ni da Ibrona mu kuka da kanmu.