Kafin a kunna wa yara fim ɗin jarumta, a binciki asalinsa

Fim ɗin jarumta da kasada, irin wanda ake ratsa daji neman dukiyar da aka binne ko a tsallake teku don ceto wani, yana cikin 'yan abubuwan da uba da uwa da yara za su kalla tare kowa ya samu rabonsa. Ban ga laifinsa ba, ina ma goyon bayansa. Damuwata ita ce yadda yake shigowa gidajenmu. Ana zuwa shagon masu turi a cika waya ko memori, fim ya zo da fassarar Hausa, wani lokaci da sabon suna, sau da yawa kuma babu alamar shekarun da hukumar tace fina-finai ta ƙasar da aka yi shi ta ɗora masa. Aikin tantancewa ya dawo kan iyaye ke nan, kuma yana da hanyarsa.

Abu na farko shi ne gano ainihin sunan fim da shekarar da ya fito. Idan mai turi bai sani ba, a rubuta sunan jarumin a Google, hoton fim ɗin zai fito. Shekarar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A Amurka alamar PG tana nufin yara za su iya kallo bisa kulawar iyaye, amma PG ta da can daban take da ta yau. A 1984 fim na biyu na Indiana Jones ya fito da wannan alama, alhali a cikinsa akwai inda aka zare zuciyar mutum daga ƙirjinsa yana raye. Iyaye suka yi ca, daraktan Steven Spielberg da kansa ya ba da shawarar a ƙirƙiro wani mataki a tsakiya, sai aka fito da PG-13 a watan Yulin wannan shekara. Saboda haka duk fim ɗin Amurka mai PG da ya girmi 1984, a ɗauke shi kamar na 'yan shekara 13 har sai an tabbatar.

Na Indiya su ne suka fi yawa a wayoyinmu, a nan kuma aka fi yin tuntuɓe. Hukumarsu tana ba da U ga fim ɗin kowa da kowa, A ga na manya zalla, UA kuma ga wanda yaro zai kalla da izinin iyaye. Wannan UA ɗin faffaɗa ce ƙwarai. Kashi na biyu na Bahubali da ya fito a 2017 ita yake ɗauke da ita, kuma a cikinsa ana fille kan mutum a tsakiyar fada a gaban jama'a. Gyaran dokar da suka yi a 2023 ne ya raba ta gida uku: shekara 7, 13 da 16. Fina-finan da suka riga gyaran suna nan da tsohuwar alamarsu.

Alama kaɗai ba ta isa ba, domin mizaninsu ba namu ba ne. Abin da za su ɗauke wa kai, kamar shigar banza a cikin rawa ko sumbata, mu shi ne ke sa a tashi da gudu neman rimot. A shafin IMDb, mai tattara bayanan fina-finai a intanet, kowane sanannen fim yana da sashen jagora ga iyaye, inda aka jera wuraren tsiraici, zubar da jini, ashar, shaye-shaye da abin firgici, har da bayanin tsananin kowanne. Minti uku ya isa a karanta. Wanda Turanci ke ba shi wahala, ya buɗe fim ɗin shi kaɗai ya duba wurare uku: inda mugu ya fara bayyana, waƙoƙin da ke ciki, da minti ashirin na ƙarshe. A can ake tara mafi munin faɗa. A saurari fassarar ma da kunne biyu, don mai fassara yakan ƙara barkwanci nasa na kansa, wani lokaci barkwancin manya ne.

Sai tsawo. Na Indiya yakan kai awa biyu da rabi zuwa uku. In aka kunna bayan sallar isha'i, yaro ɗan shekara 6 zai kai sha ɗayan dare idonsa biyu, ya kwanta da hoton faɗan ƙarshe a kansa, gobe kuma makaranta. Gara a raba shi kwana biyu, a tsaya a inda su kansu suka sa hutun rabin lokaci. A rage ƙarar sauti kuma a bar fitila kunne. Ƙaramin yaro kiɗan tsoro ne ke razana shi tun kafin dodo ya fito.

Littafi ya fi sauƙin sarrafawa, kuma a wannan fanni ba mu da talauci. Gasar rubutu da Rupert East, Baturen jami'in ilimi, ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, daga baya Ahmadu Ingawa ya zo da Iliya Ɗan Maiƙarfi. Dukkansu labaran tafiya ne da haɗari da dabara. Ruwan Bagaja ya fi dacewa da farawa, saboda rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe yanki-yanki ne, kowane yanki yana ƙarewa da dariya. Ganɗoki kuwa yaƙi ya yi masa yawa, a bar shi sai yaro ya kai shekara 10. Mai karantawa a bayyane shi ke riƙe da linzami: ya tsallake layin da bai dace ba, ya sassauta murya in ya ga ƙaramin ya fara maƙale wa uwarsa. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a dare ya wadatar, a tsaya daidai inda jarumi ya faɗa tarko, washegari a sa babban yaro ya karanta shafin farko da bakinsa.