Saƙon ƙarfe goma, da yaron da ba a nema ba

Wata Talata cikin sanyin Janairu, ina wurin aiki a birnin Liyon na Faransa, saƙo ya shigo wayata daga kwalejin da ɗana yake ajin siziyam, wato ajin farko na sakandare, cewa bai shiga darasin farko ba. Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, mahaifiyarsa kuma ta manta ba ta sanar ba. Kafin ƙarfe goma makaranta ta riga ta neme shi.

A bakin ƙofar kwalejin akwai ofishi mai tagar gilashi, da ma'aikatan da babban aikinsu shi ne sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba, domin kowane malami yana kiran suna a farkon darasinsa, ya shigar a kwamfuta. Bayan an tashi, yara kaɗan kaɗan suna zama da malami su yi aikin gida kyauta, a shirin da suke kira Devoirs faits, wanda aka fara a 2017, ya zama wajibi ga ƴan siziyam tun 2023. Doka kuma ta tilasta karatu daga shekara 3 zuwa 16.

Abin da ya sosa mini rai ɗan ƙanwata ne a unguwar Bagalam ta Maraɗi. Ya fara da fashi ranakun kasuwa, lissafi ya gagare shi, babu kuɗin darasin yamma, daga nan ya bar sankiyam, aji na biyu na kwaleji, ya kama kabu-kabu, kuma ba wanda ya taka ƙafa gidansu ya tambaya.

Ba na zargin malamin boko na gida da yara suka cika masa aji har bakin ƙofa, wani ma a rumfar zana yake koyarwa. Kuma kada wani ya ce mana ba mu san bibiyar yaro ba, domin malamin allonmu, in ka yi fashi sau ɗaya, babban almajiri zai turo har tsakar gida, alhali a nan maƙwabcina ko sunan ɗana bai sani ba. Amma wannan ido namu ya tsaya a zauren malam, bai bi yaro kwaleji ba, a shekarun da babur da kuɗin hannu suka fi jan sa.

Ni ne kawunsa. Duk wata ina aika kuɗin hatsi da na Sallah, ban taɓa cewa a karanta mini sakamakonsa ba. Sai ranar da na kira shi da hantsi, na ji ƙarar babur da hayaniyar tasha, yana ce mini: "Kawu, bari in sauke fasinja, zan kira ka."