Kwaleji kuma? A fara rufa wa firamare kwano tukuna

Satin da ya wuce na je gida ɗaurin auren ɗan yayana, bayan an shafa fatiha aka ce in tsaya akwai zama na masu ruwa da tsaki na ƙaramar hukumarmu a zauren wani dattijo. Na ɗauka maganar taki ce ko ta tsaro. Ashe magana ɗaya ce ta tara mu, wai tunda kotun ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to a matsa wa ciyaman ya ware kuɗi a kafa mana kwaleji. Wasu na cewa ta kiwon lafiya, wasu na cewa ta horar da malamai, kafin a sha ruwa har an fara gardamar sunan wa za a sa mata. Fili ma an samu, in ji su.

Daga ƙofar zauren nan kana hango firamaren da kusan dukanmu muka yi. Ginin zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, na wajejen 1976, kuma tun lokacin fenti kawai yake gani in za a yi zaɓe. Iska ta yaye rufin aji biyu tun daminar bara waccan, hedimasta ya tsince kwanon ya jingine a ofis ɗinsa don kada 'yan gwangwan su kwashe, yaran azuzuwan kuma aka cusa su cikin na kusa, suna zaune a ƙasa kan buhun siminti gwiwa na gugar gwiwa. Allon bangon ya koɗe, sai an fasa tsohon batir an shafa masa baƙin kafin alli ya fito. Banɗaki babu. Yarinyar da ke aji shida in ta matsu sai ta tafi gida, kuma ba kullum take dawowa ba.

A haka ake neman kwaleji.

Kowa ya san wannan hukuncin na kotun ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da yadda aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da shi, gwamnoni ba su son sakin asusun haɗaka, ba sai na maimaita ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne kuɗin ma ba su gama shigowa hannu ba amma har an yi musu miji. Kuma a ce mijin ba shi ne wanda doka ta ba su ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ilimin firamare da na manya da na koyon sana'a su ne a ciki, babu inda aka ce ciyaman ya je ya buɗe makarantar difloma. Jami'o'i da foliteknik da kwalejojin ilimi na gwamnati suna da asusun TETFund da ke zuba musu kuɗin harajin kamfanoni duk shekara, shi ya sa in ka shiga ka ga manyan ɗakunan lacca da tambarin asusun a jiki. Ita firamare wa take da shi? UBEC ce, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, da kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya bisa dokar 2004, shi ma sai jiha ta ajiye nata rabin kafin a sakar mata, kuma shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a Abuja saboda jihohi sun ƙi ajiyewa. Wato marainiya ɗaya ce a gidan, ita kuma ake so a ƙwace wa kwanon tuwo a miƙa wa mai uba.

Mu daina yaudarar juna, na san me ya sa ake son kwaleji. Tana da get, tana da katon allon suna a bakin titi, za a kira gwamna ya aza harsashi a yi kiɗa. Akwai kujerar shugaba da ta magatakarda da ta ma'aji, akwai ɗaukar ma'aikata da za a raba wa 'ya'yan manya da 'yan jagaliyar da suka yi wahala, akwai kwangilar katanga wadda ita kaɗai ta ishi mutum ya sake mota. Gyaran rufin aji uku a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina fa? Ba mai ɗaukar hoto, ba mai sa maka suna. Shi ke nan sirrin.

Hujjarsu wai yaranmu na shan wahalar tafiya birni karatu, kuma kwaleji za ta kawo kasuwa gari, a samu masu haya da masu sayar da abinci. To in kasuwa ake so a gina kasuwa mana.

Tambayar da ba wanda ya so ji ita ce, su wa za su cika kwalejin? Yaron da ya gama aji shida bai iya haɗa baƙi ba, ya lallaɓa sakandare, aka saya masa sakamako a cibiyar da kowa ya san yadda ake yi, shi za a ba difloma ta kiwon lafiya ya zo ya yi wa uwata allura? Mun ga ƙarshen wannan hanyar a Kaduna a 2017, lokacin da malaman firamare 21,780 cikin kusan 33,000 suka faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Ko me mutum zai ce game da gwamnan lokacin El-Rufa'i da yadda ya kore su, waɗannan mutanen ai ba daga sama suka faɗo ba, da yawansu da takardun kwaleji a hannu. Takardar ce ta yi yawa, karatun ne babu.

Ita kanta gwamnatin tarayya da ta fi kowa kuɗi ta gaji. A watan Agustan 2025 ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara 7, ministan ilimi Tunji Alausa yana ba da misali da wata jami'a mai ma'aikata 1,200 da ɗaliban da ba su kai 800 ba. Abin da ya fi ƙarfin Abuja shi ciyaman ɗinmu zai ɗauka, mutumin da albashin wata ke sa shi kashe waya? A babban birnin tarayya ma, inda kuɗi suke, malaman firamare sun shafe sama da wata 3 suna yajin aiki a 2025 saboda ƙananan hukumomin can sun gaza biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kuma kwaleji ba gini ba ne kawai, sai hukumar tantancewa ta zo ta ga ɗakin gwaji da laburare da malamai masu digiri, in ba haka ba yara su biya kuɗi shekara uku su fito da takardar da ko kosai ba za a naɗe da ita ba. Irinsu nawa ne a garuruwanmu yanzu, aji huɗu da get mai fenti?

Ni abin da nake gani ba wani dogon lissafi ba ne. A zagaya mazaɓa mazaɓa a ƙirga azuzuwan da ba rufi da waɗanda ba benci, a liƙa jerin a sakatariya kowa ya gani, a fara da su. Masu son karatun gaba a biya musu kuɗin makaranta da na mota a kwalejojin jiha da ke akwai, ko kusa ba zai kai kuɗin katangar ba.

Haka na faɗa a zauren. Wani baba ya gyara babbar riga ya ce, "Ɗana, ai firamare aikin SUBEB ne." Wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Aka yi dariya, aka kafa kwamiti mai mutum 11 da zai je ya ga ciyaman, aka fara karo-karon kuɗin mai. Da na fito yara sun taso daga makarantar, ƙarfe sha ɗaya ko cika ba ta yi ba, hadari ne ya haɗo malamai suka sallame su.