Vijay Singh ya tashi daga Ikoyi, yaran Obalende fa?

Daga gindin gadar Obalende zuwa filin golf na Ikoyi Club a Legas tafiya ce da mutum zai yi a ƙasa ba tare da ya nemi abin hawa ba. Duk da wannan kusanci, in ka tambayi samarinmu da ke zama a teburin mai shayi da daddare abin da ake yi a can, amsa ɗaya za ka ji: wasan masu kuɗi ne, ba ruwan talaka. Ni ma a kan haka nake shekara da shekaru, har ranar da hira ta haɗa ni da wani dattijo mutumin Zazzau, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin.

"Ɗana," in ji shi, "lokacin da muke aiki, wurin da ramin da ake saka ƙwallo yake ba ciyawa ba ce kamar yadda kuke gani a talabijin. Yashi ne da aka cakuɗa da mai, sai an share shi an daidaita kafin mutum ya buga. A kan yashin nan baƙi daga ko'ina suke zuwa neman abinci."

Na ce, "Baba, baƙi kamar su wa?" Ya ce shi ba ya riƙe sunaye, in je in bincika. Da na bincika sai na tarar da sunan da ya hana ni sukuni tun daga ranar, wato Vijay Singh.

An haifi Singh a 1963 a garin Lautoka na tsibirin Fiji, can tsakiyar tekun Pasifik, kakanninsa 'yan Indiya ne. Mahaifinsa makanikin jiragen sama ne, kuma shi ya fara koya masa riƙon sanda. Ya zama ƙwararren ɗan wasa mai ci da golf a 1982, ya ci gasarsa ta farko a Maleshiya a 1984. Shekara ɗaya bayan nan sai ƙasa ta tsage masa. A wata gasa a Indonesiya aka zarge shi da gyara takardar da ake rubuta yawan bugun da ɗan wasa ya yi, aka dakatar da shi daga zagayen gasannin Asiya. Shi dai ya musanta, ya ce rashin fahimta aka samu. Sai mutum ya san golf zai gane nauyin wannan zargi. A wasan nan ba alƙalin da ke bin kowane ɗan wasa da usur. Kai za ka duba lissafinka ka sa hannu, kuma wanda ya fi ƙarancin bugu a ramuka 72 cikin kwana huɗu shi ke ɗaukar kofi. Amana ce jarin wasan gaba ɗaya. Saurayi ɗan shekara 22 da aka shafa wa irin wannan baƙin fenti, yawanci labarinsa ya ƙare ke nan.

Singh ya koma wani ƙaramin kulob a Keningau, cikin tsibirin Borneo, yana koya wa mutane wasa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sauran lokacinsa kuwa yana tsaye cikin rana yana bugun ƙwallo, ɗaya bayan ɗaya, ba ɗan kallo, ba mai tafi. Da ya tara ɗan guzuri ya nufi Turai, har gadin ƙofa ya yi a wani gidan rawa a birnin Edinburgh don ya samu na abinci. Duk ɗan Arewan da ya taɓa kwana a bakin get ɗin wani a Lekki ko Ikeja yana tunanin inda rayuwa ta nufa da shi, ya san irin daren da nake magana a kai.

A 1988 ya zo Legas, ya shiga gasar Nigerian Open, ya cinye ta. Ya sake ɗaukar kofin a karo na biyu, ya ci na Zimbabuwe, sannan a 1989 ya samu nasararsa ta farko a babban zagayen Turai, a ƙasar Italiya. Daga nan hanya ta miƙe. Ya shiga zagayen Amurka a 1993, ya ci gasa a shekararsa ta farko. Ya ɗauki uku daga cikin manyan kofunan duniya: PGA a 1998 da 2004, da Masters a 2000. Shekarar 2004 kuwa ba a magana. Gasa tara ya ci a cikinta, ya zama ɗan golf na farko da ya tara sama da dala miliyan 10 a kaka ɗaya, kuma a watan Satumba ya sauke Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya, kujerar da Woods ya shafe makonni 264 a jere yana kai. Singh yana da shekara 41 a lokacin. Cikin gasanni 34 da ya ci a Amurka, 22 bayan ya haura arba'in ya ci su, shekarun da 'yan ƙwallon ƙafa sun daɗe da rataye takalmi.

Ba waliyyi nake zana muku ba. Mutum ne mai kaifin harshe, kuma maganar da ya yi a 2003 ta nuna adawa da shigar fitacciyar 'yar golf Annika Sorenstam gasar maza ta jawo masa suka, sukar da a ganina ya cancanta. A 2013 ya shiga rikici da hukumar gasannin Amurka kan amfani da wani maganin fesawa da aka ce yana cikin waɗanda aka haramta wa 'yan wasa, aka janye tuhumar, shi kuma ya kai su kotu, sai a 2018 aka sasanta. Abin da ko masu ƙinsa ba sa musu a kai shi ne aiki. Abokan wasansa sun shaide shi da cewa shi ne na ƙarshen barin filin atisaye. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da masu ba da labarin Singh don su ce wa matasa "ku yi haƙuri, ku dage" su tashi taro. Dagewa ya yi a Borneo, amma da ba a buɗe wata ƙofa a Legas ba, da mai yiwuwa can zai koma ya tsufa yana gyara wa ma'aikatan katako riƙon sanda. Ƙofar nan ita ce gasa buɗaɗɗiya mai kuɗin lada, wadda ba ta tambayar ɗan wane ne kai. Nigerian Open na cikin jerin gasannin da ake kira Safari, waɗanda 'yan wasan Turai ke bi a Afirka lokacin da sanyi ya rufe filayensu. Sandy Lyle na Sikotland a nan ya ci gasarsa ta farko a 1978, kafin ya je ya ɗauki British Open da Masters. A 1981 Peter Tupling ya gama ramuka 72 da bugu 255 a Ikoyi, abin da ya zama tarihi a duniya a wancan zamani. Duk wannan a bayan gidanmu aka yi shi.

Dubi Kenya. Tare muke cikin wancan jeri. Su sun riƙe tasu gasar ba su sake ta ba, har a 2019 ta shiga babban zagayen Turai, ana nuna ta a talabijin a faɗin duniya, 'yan ƙasar kuma suna samun gurbin gwada kansu da manya. Tamu ta dusashe, ta daina jawo waɗanda take jawowa. Yaron da ke da hannu a Legas ko Kaduna ko Jos yau, ina zai je a gan shi?

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a fuska: mutane na fama da kuɗin shinkafa da na haya, an hana acaba a Eti-Osa da Ikeja da Surulere da wasu sassan birnin, dubban yaranmu sun rasa abin yi, kai kuma kana zancen golf. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Ba ina cewa gwamnati ta ɗebi kuɗin asibiti ta shuka ciyawa ba ne. Filayen suna nan tun zamanin Turawa: Ikoyi Club tun 1938 take da wannan suna, na Rayfield a Jos ya girme ta, akwai a Kano da Kaduna da Zariya. Yaran ma suna nan a cikinsu kullum, suna saɓe da jaka mai sanduna 14, suna bin ramuka 18 a ƙasa. Su suka san inda iska ke kaɗawa da inda ƙasa ta karkata, sau da yawa su ke gaya wa mai gida sandar da zai ɗauka. Seve Ballesteros na Sifen, mai manyan kofuna biyar, daga ɗaukar jaka ya fara, haka ma Lee Trevino na Amurka mai shida. Masu kuɗi ke biyan kuɗin kulob, amma gwanayen wasan da yawa daga masu ɗaukar kaya suka fito.

Kulob-kulob kan shirya wa masu ɗaukar jaka 'yar gasa lokaci-lokaci, a raba kyauta, a ɗauki hoto. Abu ne mai kyau, Allah ya saka. Matsalar tana farawa ne washegari. Wanda ya ci yana bukatar sandunan kansa, da izinin yin atisaye a filin a ranakun da ba cunkoso, da wanda zai ciyar da gidansu yayin da yake atisayen, da kuɗin jirgi da masauki zuwa Nairobi ko Johannesburg inda ake tantance masu shiga manyan gasanni. A nan ne yaro mai baiwa ke tsayawa cak, ya koma ɗaukar jakar wani har ƙarfinsa ya ƙare.

Kira na ga attajiranmu ne na Legas, na Mile 12 da Agege da Idi-Araba, da 'yan canji, da masu manyan motoci. Mun iya ɗaukar nauyin wasa in muna son sa. Duk wanda ya taɓa zuwa filin ƙwallon dawaki na Ikoyi ya ga yadda 'yan Arewa suka riƙe wasan, tun daga masu dawakin har barga. Mutumin da zai iya ciyar da doki shekara guda zai iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya na tsawon shekara uku, da yarjejeniya a rubuce cewa in ya fara cin gasa a raba. A ƙasashe da dama haka matasan 'yan golf ke farawa, wasu su zuba kuɗi, ɗan wasa ya zuba gumi. Kasuwanci ne irin wanda muka sani, na mai jari da yaron shago. In kuma mutum biyar ko goma irinsu suka haɗa kai da hukumar golf ta ƙasa da kamfanonin da suke hulɗa da su, dawo da gasar ƙasa mai daraja a Ikoyi ba zai gagara ba.

Na koma wurin dattijon nan bayan sati biyu na karanta masa abin da na samo a kan Singh. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni shekarun mutumin lokacin da ya zo Legas. Na ce bai wuce 25 ba. Ya yi shiru, ya ce a cikin waɗanda suka yi ɗaukar jaka tare akwai wani ɗan Katsina da idan ya ari sanda da yamma bayan an tashi, har masu gida kan tsaya kallonsa. Na ce, "Baba, ina yake yanzu?" Ya ce rabonsa da shi tun yana sayar da goro a Agege.