Ranar da na rungumi gawayi a gefen dutse

Duk wanda gogan naku, abokin tafiyata, ya tura wa bidiyon nan na faɗuwata a gefen dutse, ya zo ya ji nawa ɓangaren, don ya yanke daidai wurin da na miƙe da kaina babu wanda ya taimake ni.

Kun dai san gobarar watan Afrilun 2021 a Cape Town, wadda ta tashi a gefen dutsen Devil's Peak kusa da Rhodes Memorial, ta cinye wajen hekta 600, ta gangaro ta lashe ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town. Da ruwan sanyi ya wuce, wajen Oktoba, sai aka ce mini dutsen ya farfaɗo, fure ko'ina. Na tashi gogan naku da asuba yana ƙunƙuni, na saɓa kyamara da ƙafafunta, muka kama hanyar King's Blockhouse, wani tsohon ginin tsaro da ke gefen dutsen. Farin wando na sa da farar riga, saboda na gama tsara hoton a kaina tun a gida: ƙonannen daji baƙi ƙirin, furanni a ƙasa, ni kuma fari fat a tsakiya ina kallon nesa.

Wurin kam ya yi kyau, wannan ba na musu. Itatuwan furotiya na tsaye tsirara, rassa baƙaƙe, a gindinsu kuma ciyawa shar, ga furen watsoniya ruwan hoda ya tsaya cirko-cirko. Rana ta fara leƙowa ta bayan duwatsun gabas. Mai ɗaukar hoto ya san wannan hasken ba ya jiran kowa, 'yan mintoci ne ya tafi. Na sauka daga hanya kaɗan, na kafa ƙafafun a gangare, na saita kyamara ta jira daƙiƙa goma sannan ta yi ta ɗauka a jere, na ruga na hau wani dutse, na riƙe ƙugu.

Sai iska ta zo. Iskar kudu maso gabas ɗin nan ta garin da ba ta sallama. Ina kallo ƙafa ɗaya ta ɗaga, kyamarar ta fara sunkuyawa a hankali. Na diro. Ƙasar da wuta ta ci kuwa babu saiwar da ke riƙe ta sosai, tsakuwa ce da toka, tafiya take da mutum. Ƙafar dama ta yi gaba, ta hagu ta ce ba da ita ba. Na miƙa hannu neman abin kamawa, abin da Allah ya haɗa ni da shi ƙonannen furotiya ne, na rungume shi da hannu biyu, kumatuna a jikinsa. Na ɗan tsaya a haka. Wallahi har na fara tunanin na tsira. Sai na ji ƙas, reshen ya biyo ni, muka tafi tare a zaune, ni da shi, muna sharar gangare, har sai da wani dutse ya tare ni ta inda bai kamata ba. Duk wannan kuwa kyamarar tana kwance a gefenta tana ƙyas, ƙyas, ƙyas, tana aikin da na sa ta.

Da na ɗaga kai, mutane ne a kan hanya, wata tawagar dattawa masu sanduna bibbiyu. Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Ɗaya daga cikinsu, wani tsoho mai gajeren wando da hula mai faɗi, shi ne abin da ya tsaya mini a rai har yau. Ya sauko a hankali, yana zaɓen inda zai sa ƙafa. Na miƙa masa hannu. Ya wuce hannun, ya durƙusa kusa da cinyata, ya ce, "Samari, ɗan ɗaga." Na ɗaga. Ya nuna wani ɗan tsiro mai ganye biyu da na zaune a kai, ya girgiza kai kamar na take masa jika. Daga nan karatu ya tashi. Wai wannan dajin da suke kira fainbos sai da wuta yake rayuwa, in ya yi shekara goma zuwa goma sha biyar yana bukatar ya ƙone. Wai furotiya tana riƙe irinta a kanta shekara da shekaru, sai wuta ta kashe uwar sannan ta saki. Wasu irin kuma tururuwa ce ke kai su ƙarƙashin ƙasa ta ɓoye, hayaƙi ne ke tashe su. Itatuwan fayin (pine) da aka shigo da su daga waje su ne ke sa wuta ta yi zafi fiye da ƙima. Duk gaskiya ne, na bincika daga baya, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Amma bawan Allah, mutum na zaune cikin toka, takalmi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, wannan ne lokacin makaranta? Da ya gama ya tattara ƙasa ya tallafi tsiron, ya ciro waya, ya ɗauki hoton fitowar rana sau ɗaya tak, ya nuna mini. Ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai, Allah ya isa.

Shi kuwa gogan naku, da na ce, "Kai Malam, ba za ka zo ba?" sai ya ce wai yana kiyaye dokar kada a sauka daga hanya. Mutumin da rabin tafiyar yana neman gajeriyar hanya! Kuma da ya ga na share zufa da tafin hannu, bai ce mini komai ba. Haka na sauko dutsen nan ina gaisa da jama'a, ina mamakin yadda mutanen garin suka cika fara'a yau. Sai a madubin mota na ga gashin baki da gemu na gawayi, har da layi a goshi.

Hotunan sun fito. Akwai sararin sama a karkace, akwai tafin takalmina, akwai guda da tsohon ya shigo ta gefe yana nuna ƙasa. Kyamarar ba ta yi komai ba, murfin idonta ne kawai ya ɓata. Wandon an wanke, ya koma ruwan toka, yanzu da shi nake goge mota. In wani yana da murfi mai milimita 67 da ba ya amfani da shi, ya yi mini magana.